Sunan Baturen da Na Liƙa wa Kakata

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan fili. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe. Na riga ku zagin kaina.

Ina aiki a wani kamfanin alewa a Sharaɗa. A can na haɗu da wani akawu, bari in kira shi Nura. Ranar da ya fara tsayar da ni a bakin get ya ce, "Wannan hasken naki, anya ba ruwa biyu ba ce ke?" Ni kuwa da littattafan soyayya suka cika min kai, inda kullum yarinyar tana da wani ɓoyayyen asali, sai na ji bakina ya ce, "Kakana Bature ne, sunansa Ashcombe." Wallahi Anti a jikin wani tsohon akwatin ƙarfe a sito na ga sunan. Kakana manomi ne a gefen Challawa, fartanya ya mutu ya bari.

Nura ya ɗauki abin da zafi. Ya hau acaɓa ya tafi kafen intanet, ya dawo da takardu. "Gimbiya, kin san sunan gidanku sunan wuri ne? Wani kwari ne mai bishiyoyi a Ingila. Su ba sunan uba suke ɗauka kamar mu ba, suna ɗaya ake gada tun kaka da kakanni." Ina lumshe ido ina ganin kaina a cikin kwarin nan. Me ya ɗaure min baki a lokacin? Me zai rage ni da na yi dariya na ce wasa nake?

Da maganar aure ta taso, kawunsa ya je garinmu binciken asali, yana tambayar wane Bature ne ya auri Inna, mahaifiyar babana. Dattawa suka ce miji ɗaya ta taɓa yi a duniya. Shi ke nan, gari ya ɗauka: in dai akwai Bature, to ba da aure ba. Yanzu Baba ya daina zama a ƙofar masallaci. Nura kuma faɗa yake da danginsa, wai ko yaya aka haifi babana shi yana sona.

Ranar Juma'a Inna ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ke da kike cikin 'yan boko, nemo min wanda ya yi min wannan ƙazafin. Ba zan yafe masa ba har gaban Allah." Na ce, "To, Inna."

In na faɗa na rasa Nura, kuma bakin Inna a kaina zai sauka. In na yi shiru, da wannan tabon za a binne ta. Jibi Baba zai je wurin kawun Nura ya ji daga bakin wa maganar ta fito. Jama'a, me zan yi?