Fuskar Ladi da ɗanyar citta

Salama gare ku 'ya'yana na wannan gurup. Ban shiga aji ba, da baki na faɗa, admin ta rubuta, kuma a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

A Kafanchan, shekarun da naira ta fito, duk macen da baƙin tabo ya kama wa fuska ƙofata take nema. Ba yabon kai ba, har daga Kagoma ana zuwa. Mamata ce ta koya mini, man kaɗe da zuma da ɗan kurkum, da doka guda, a shafa a bayan kunne tukuna a jira kwana uku.

To, akwai ƙawata a zumuntar mata, bari in ce da ita Ladi. Fatarta irin wadda ko sabulu mai ƙamshi ke tayar wa ƙuraje ce. Saura mako ɗaya a ɗaura aurenta a coci ta zo. Ni kuma ina so a ga aikin hannuna ranar, sai na tsallake gwajin, na matse ɗanyar citta da lemun tsami na ƙara a haɗin, na shafa mata a fuska. Ta ce yana zafi, na ce aiki yake yi. Kwana biyu kuncinta ya saluɓe kamar an zuba mata ruwan zafi. Da mamarta ta taso mini da faɗa, na rantse cewa Ladi ce ta shiga rana ta je tashar jirgi sayar da doya. Gaskiya ta je, amma ban taɓa hana ta ba. Aka yarda da ni. Aka yi aure, tabon na nan har yau, kuma har yau kanta take zagi.

Ranar Lahadin da ta wuce bayan sujada Ladi ta kamo hannun jikarta ta kawo mini. Yarinya mai fata irin tata sak, pimpul ya bar mata tabo. Ladi ta ce ba ta yarda da kirim na kemis ba sai hannuna, a yi mata wancan mai zafin. A gabana ta ja wa yarinyar kunne, wai kada ta yi wauta irin ta kakarta.

Asabar za su zo. In na haɗa wancan, na kashe fuskar yarinya. In na ce sai an gwada a bayan kunne, Ladi ba wawuya ba ce, za ta tambaye ni me ya sa ita ban gwada mata ba. Fuskar yarinyar dai ba zan taɓa ba, wannan na yanke. Amma Ladi ita kaɗai ta rage mini cikin tsararrakina, ita ke riƙe hannuna in za mu hau matakalar coci.

Ku faɗa mini, in ce mata tsufa ya sa na manta haɗin, ko in zaunar da ita in ce Ladi, ba rana ba ce, ni ce?