Gadon da ba shi da ƙusa

Zuwa ga Nazifa, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan randar da nike sha in ji raina ya dawo, 'yar Illela wadda ta hana kafintan Konni auna katako daidai.

Ina gaishe ki gaisuwar mai tsoro, don yau ba ni da wata. Da hannuna nike rubuto miki, Nazifa, hannun nan mai yatsa shida da kike yi wa dariya kina cewa Allah ya ƙara mini ɗaya don in riƙe ki da kyau. Tun ranar da Goggonki Tsahara ta fita daga shagona ba sallama salularki take a kashe. In kira, a kashe. In wanke hannu in sake kira, a kashe. Ke kinka kashe ta, ko karɓe ta anka yi? Wayyo ni! Wannan tambaya kaɗai ta raba ni da tuwo.

Bari in faɗa miki abin da ya faru da bakina, tun ba a gama faɗa miki shi da bakin wasu ba.

Kin san Baba Alkasum ya girmama ni. Gadon amarya iyayenta ke yi mata, amma ya ce ba ya zuwa wurin wani kafinta alhali wanda zai ba ɗiyarshi yana riƙe da zarto. Ya aiko da katakon maɗaci, ya ce in yi miki kayan ɗaki. Da katakon ya sauka, ba kowa na tuna ba sai ke a kasuwar Badaguishiri, ranar da kinka rako Inna sayen albasa, ni kuwa na baro aiki na ce icce na zo nema. Kin tuna tsohuwar Buzuwar nan, matar maƙeri, da ke zaune kusa da gadonta na sanduna? Ta kwance shi gabanmu, ta ɗaure, ta sake tada shi, ba guduma ba ƙusa. Ta ce wurinsu gado na mace ne, ita ke kafa shi, ita ke kwance shi. Kinka zauna bakinshi kina lilo da ƙafa, gyalenki ya zame, ni ko numfashi na manta. Kinka ce kin gaji da gadajen nan masu madubi da fomeka da ke cinye ɗaki, tsintsiya ba ta shiga ƙarƙashinsu, damina ɗaya su kumbura gara ta samu gida. Kinka ce ke dai gadon da iska ke bi ta ƙasanshi, da ɗakin da za ki shimfiɗa darduma ba ki ture komi ba.

Shi na yi miki, farin watana. Gajere kamar na Buzuwar. Haɗin katakon, rabi daga maigidana ɗan Togo da ya koya mini aiki, rabi daga kafintocin Japan da nike kallo a waya har caji ya ƙare. Wajen kai na sa saƙar kaba irin ta faifan matan Fulani da ke kawo nono. Na yi 'yar kujera irin wadda kakarki ke zama a kai tana tuƙa tuwo. Ba fenti, ba madubi, ba fure. Man kaɗe kawai na yi ta shafawa har maɗacin ya yi ja. Kuma duk gadon, abin da ke riƙe da shi wani ɗan guntun iccen kirya ne kamar yatsa. In an buga shi gado ya tsaya, in an zare shi gado ya kwance.

Sai Goggo ta zo ganin kaya da mata biyu. Ta duba, ta zagaya, ta tambaye ni ina sauran. Da na san ciwon kaina da nan na yi shiru. Ina! Daɗin aiki ya ɗebe ni. Na zare ɗan iccen gabanta, gado ya rabu sanda sanda, na buɗe bakin nan nawa na ce ko Nazifa ita kaɗai tana iya kwance shi kafin tukunya ta tafasa, amalanken jaki ɗaya ya kwashe shi. Kaico da bakina!

Ta riƙe haɓa ta yi salati. Ta ce ba a kai yarinya ba, an riga an shirya mata kwasar kaya. Ta ja gyale ta fita, matan sunka bi ta.

Sannan na tuna abin da kowa ya sani, ni na manta shi cikin garin katako. Wurinmu gadon amarya sau ɗaya yake shiga ɗaki, ba ya fitowa sai aure ya mutu ko mai shi ta mutu. Shi ya sa iyaye ke son mai nauyi, wanda sai an fasa ƙofa kafin a fidda shi. Kuma wa na yi wa wannan burga? Goggo Tsahara, wadda ta taɓa tsayawa ƙofar gidan miji tana kallon kayanta bisa amalanke. Ban ga laifinta ba, wallahi ban gani ba. Yanzu labari ya iso ni cewa Baba ya ce a dakata da maganar sa rana sai ya gana da manyana.

Ina tsoron Baba. Ina tsoron idon Goggo. Amma duk wannan wasa ne kusa da tsoron da ke tashina tsaye ina riƙe da zarto ban san mi nike yankawa ba: kada a ce kin zauna kin yi tunani kin yarda. Kada a ce ke ma kin ce, ashe Chindo tun yanzu yana auna mini hanyar fita. Ni? Ni da in an ambaci Illela a tasha sai in waiwaya? Ni da na goge kowace kusurwa ta gadon nan har fatar yatsana ta saɓe, don kada ta kama miki zane? Wa ke yi wa wadda zai kora irin wannan guga?

Na sayo ƙusoshin ƙarfe, na ɗaga guduma, na kasa. Ba don son aikina ba. Gadon naki ne, ke kinka roƙe shi, ba ni da ikon ɓata shi ba da bakinki ba. In kin ce a buga, in buga har sai maza shida sun kasa ɗaga shi. In kin ce madubi, in yi miki mai madubi da furanni da fitilu, wanda za a zo kallo tun daga Malbaza. Haba, mi ne ne fomeka a kan rasa ki?

Sai dai ki san abin da ya shiga raina ranar nan a kasuwa. Ba sandunan na kalla ba, tsohuwar na kalla. Gadonta na iya tafiya kowace safiya, ga shi ta zauna da tsohonta har haƙoransu sunka zube. Irin zaman da nike roƙo ke nan wurinki, kurciyata, ko da yake shi ma tsoro yake ba ni.

Ki taɓa cikin ambulan ɗin nan, za ki ji wani abu mai tauri. Ɗan iccen ne. Ban sassaƙa wani ba, kuma ba ni sassaƙawa. Gadon na nan a warwatse ƙasan shago, na lulluɓe shi da buhu, ba ya tsayuwa sai da abin da ke hannunki. Ki nuna wa Baba, ki faɗa mishi da bakinki wa ta roƙi wannan gado, don maganarki yake ji ba tawa ba. In Allah ya nufa, ki zo da shi ƙulle a bakin zanenki ranar da za a kawo ki, ki buga shi da hannunki.

Ki yi fushi, ki zage ni, ki kira ni wawan kafinta, duk na ɗauka. Abu ɗaya nike roƙo don girman Allah: kada in ga direban Illela ya tsaya ƙofar shagona yana miƙo mini ɗan iccen nan.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a auna mini nawa katakon na kabari,
Chindo