Daga Bakin Ƙofa Na Ga Fuskarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, fuskarki ta fara ɓace mini. Muryarki tana nan a kunnena, amma in na rufe ido ɗankwalinki kawai nake gani. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai.

Ke ma da laifinki, don ba ki taɓa yarda da hoto ba. Abin da ya rage mana shi ne ɗan bidiyon da Yaya Sale ya ɗauka da tsohuwar wayarsa ranar sunan ɗansa a Kirikasamma. Kin gifta da farantin soyayyen kifi, kina kare fuska kina cewa, "Ku ɗauki masu kwalliya, ni ƙarnin kifi nake yi." A wayar kuwa kanki bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Da Baban Ummi ya sayo mana sabuwar talabijin, irin wadda ake ganin har gumin ɗan ƙwallo, na ce to, yau zan gan ki. Aka haɗa ta da wayar. Takwararki Ummi, wadda ba ta riske ki ba, ta zauna dab da gilashin.

Da kin ga yadda aka yi da ke, da kin yi dariya har da hawaye. Hoton ya baje, sai ga ki kin yi ƙiba, ke da kike kamar sillen kara. Baban Ummi ya gyara faɗin da rimot, kika koma jikinki. Ya ƙara kala, fatarki ta yi ja kamar manja, ya rage. Sai ya ƙure kaifin hoto don mu ga idonki, fuskar ta farfashe gida-gida kamar saƙar tabarma. Duk abin da ya ƙara, ƙara nisa kike yi. Na ce ya mayar da komai tsaka-tsaki, ya bar ki ki huta. Na tashi wai zan duba tukunya, don kada Ummi ta ga hawayena.

A bakin ƙofa na waiwaya. Inna, sai ga ki! Daga nesa duk gidajen nan sun haɗe. Na ga tsagar kumatunki, na ga murmushin da kike ɓoyewa a bayan hannu. Ashe ba faɗa kike yi wa Yaya ba. Na kira Ummi, na tsayar da ita a gabana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kina karkatar da kai irin yadda nake yi.

Tuwon ranar ya ƙone, ban motsa daga wurin ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya sada mu a inda zan gan ki kusa da kusa.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa, daga Haɗeja