Abin da Na Rubuta a Bango Bana

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki da mijinta da jikokin da kika tafi reno kika manta da mu. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi, ya raba ki da hawan benen da kike kuka da shi. Mu nan da sauƙi. Tarina yana nan, ya zama ɗan gida. Yayarmu ta fara rikicewa, shekaranjiya da sunan Baba ta kira ni, amma tana ci tana barci. Matar ɗanki ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan. Kin san ban taɓa zama a aji ba, a jikin bango na koyi rubutu da burushi, hannun kuma ya ƙi ƙanƙanta kansa don takarda. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don maganar ba ta kunnen wani ba ce. Ban kuma kira ki a waya ba, saboda a waya katse ni kike yi.

Na san ɗanki ya riga ni kai ƙara, to ga nawa. Tun kafin ki yi aure kin san halina: duk ƙarshen shekara nakan shafe bangon gidan kallo na wajen titi, in rubuta abin da ya fi kyau a finafinan da na haska. Ba kofi nake bayarwa ba, ba takardar yabo ba, fenti ne kawai. Amma mutane suna tsayawa su karanta, masu sayar da fim har hoto suke ɗauka, don sun san ba a sayen bangon nan. Kin kuma san yadda nake aunawa. In kalla da ido, in koma baranda in saurara da kunne kawai, sannan in juya wa majigi baya in kalli fuskokin 'yan kallo. Fuska a cikin duhu ba ta yi wa kowa kara.

To bana ɗanki ya fitar da fim ɗinsa na farko, yanzu Darakta ake ce masa. Ba zan ɓoye miki ba, ya ɓata mini rai. Yaron da na ɗora a cinyata a ɗakin na'ura, na koya masa inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa, shi ne ya yi fim a kan wani tsoho mai gidan kallo mai taurin kai. Ya ba shi ɗingishina, ya ba shi tarina, har yadda nake buga tebur da makulli. Kujerar ƙarfen da marigayiya matata ta zauna a kai tana yanka tikiti duk tsawon zamanmu, ita ya ɗauka ya sa a fim, bai tambaye ni ba. Ranar da suka yi taron nuna shi a sabon gidan kallon nan mai sanyi, ba a gayyace ni ba, wai an manta. Abin da ya fi ci mini rai, tsohon nasa barci yake yi ana haska fim. Auta, ke shaida ce, ban taɓa runtsawa na'ura tana juyawa ba. Duk da haka na haska fim ɗin a gidana kamar na kowa, na kuma auna shi kamar na kowa.

Ana saura 'yan kwanaki in yi rubutu ya zo da rana, da gwangwanin fenti sabo, yana ta Kawu kaza, Kawu kaza. Ya ce layin sama yake so, na fim ɗin da ya fi duka, don waɗanda za su tsaya masa a fim na biyu suna kallon bangon. Na ce fenti na karɓa na gode, amma hannu nawa ne. Nan fuskarsa ta canza. Ya tuna mini ginin na mahaifinsa ne, marigayi mijinki, yanzu a hannunsa yake, kamar na manta wanda na yi wa wanka na kai makwanci. Ya ce akwai mai son wurin ya mayar da shi ma'ajiyar kaya, saboda ni yake ta hana shi, amma in jini ba zai iya yi wa jini layi ɗaya na fenti ba, shi ma bai ga dalilin ci gaba da hanawa ba. Sai ya ciro kwaɗo sabo daga aljihu ya ajiye a teburin tikiti. Na ce masa ya ɗauke abinsa, teburin ba na ajiyar tarkace ba ne. Ya ce ya bar shi nan ya taya ni tunani.

Duk kwanakin da suka rage kwaɗon yana kan tebur, in shiga in gan shi, in fita in gan shi. Tela maƙwabcina ya ce in rubuta masa mana, wa zai mutu? Mai gyaran fanka ya ce in ce ciwon kafaɗa ya hana ni rubutu bana. Wasu kuma suna raɗa wai ko sunan fim ɗin ba zan ambata ba saboda haushi. Duk na ji su.

Da safiyar ranar na fito da tsani da burushi. Mutane sun taru fiye da kullum, don magana ta zaga. Motar ɗanki tana tsallaken titi, gilashi a rufe. Kin san daga ƙasa nake farawa, layin sama shi ne na ƙarshe. Na fara da sauti, na ba fim ɗin garejin makanikai. Akwai inda ruwan sama yake dukan kwano a ciki, na ga rabin 'yan kallo sun ɗaga kai suna duba rufina ko yoyo yake. Ɗaukar hoto na ba fim ɗin asibiti, saboda doguwar barandar nan da fitila ɗaya take kashe kanta tana kunnawa, har mutum ya ji warin magani. Jarumar shekara kuma matar da ta fito a mai goge-goge a fim ɗin nan dai. An zo an gaya mata ɗanta ya rasu, ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba, ta ci gaba da matse tsumma a bokiti har bayan ruwan ya ƙare. Wata mata a benci na gaba ta cusa mayafi a baki don kada a ji kukanta.

Sai na zo layin jarumi. Na rubuta sunan mutumin da ya kwaikwaye ni a fim ɗin ɗanki. Kada ki ɗauka na huce ne, ban huce ba. Amma akwai wurin da ya tsaya shi kaɗai bayan an watse, ya gyara wa kujerar nan zama, ya share ta da hannun riga. Ban san wanda ya gaya masa ina yin haka ba. Ranar da na gani fita na yi baranda, na ce wa mutane tari ne. Duk shekarar nan ba namijin da ya yi wasa kamar wannan, in na hana shi na yi ƙarya. Mutane suka sa tafi, Tela yana cewa tsoho ya sauko. Sai ga ɗanki ya fito daga mota yana murmushi, ya tsallako, ya ce in kawo ya riƙe mini tsani, kada in faɗi.

Haka na hau, shi yana riƙe da ni daga ƙasa. Fim ɗinsa ba shi da laifi a rabin farko, ana dariya sosai, ko da yake da ni ake yi. Amma daga tsakiya na ga wayoyi suna haskawa a cinyoyi, ana fita ana shigowa, ƙarshen kuma ya ja shi har mutane suka fara neman takalmansu. Fim ɗin da ya fi bana na wata yarinya ne da ba wanda ya san ta, a kan wa da ƙani da ba sa magana da juna, ga shi dole su tuƙa babbar mota ɗaya zuwa gari mai nisa. Da ya ƙare na kunna fitila, ba wanda ya motsa. Wani ƙato mai sayar da taya ya zo ya ari wayata, wai tasa ta mutu kuma yanzu yake son jin muryar ƙaninsa. Na tsoma burushi a fentin da ɗanki ya kawo. Baƙin farko kawai na ja ya gane ba nasa ba ne. Na ji tsanin yana rawa a ƙarƙashina, ban duba ƙasa ba. Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙarshe.

Zan faɗa miki wannan don haƙƙinsa ne: bai saki tsanin ba sai da ƙafata ta taɓa ƙasa. Idonsa ya yi ja. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi in shiga in ɗauki abin da yake nawa. Na duba na'ura, na duba bencina, na ɗauko kujerar marigayiya ita kaɗai. Ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo a gaban jama'a, ya sa makulli a aljihu ya tafi.

Yanzu kullum da safe nakan kawo kujerar in zauna a gindin bangon, don na ji ana cewa za a zo a shafe shi. Bangon titi yake kallo, kwaɗo bai kai nan ba. Matar ɗanki tana aiko mini da abinci a ɓoye, kada ki faɗa masa. Ba roƙonki nake yi ki sa baki ba, ban roƙi kowa ba ranar da na binne matata ke kina can kika aiko da saƙo a waya, ba kuma yau zan fara ba. Abu ɗaya nake so. Ki sa 'yarki ta nemo miki finafinan nan biyu, ki kalla, ki manta wanda kika haifa. Mutum biyu ne a duniya suka isa su ce mini na yi kuskure in saurara. Ɗaya kujerarta nake zaune a kai. In kika ce nasa ya fi, da hannuna zan hau in goge, ko ya buɗe ƙofar ko bai buɗe ba. In kuwa kika ga abin da na gani, kada ki ce masa komai, ni kaɗai za ki gaya wa.

Ki gaishe da 'yarki da angon nata da har yau bai iya gaisuwa ba, da jikokin, Ƙaramin Likita da amaryata mai wushirya, ki ce mata mijinta ya rasa aiki, ta fara neman wani. Yayarmu tana gaishe ki, Tela ma haka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanki,
Mai Majigi