Katangar da Na Koya Muku Rushewa

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, magini, kuma ina rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ƙodata ce ta gaji, ba kaina ba. Kada ku jira in mutu kafin ku karanta, domin akwai abin da nake so a yi ina numfashi.

Na ɗaya. Gida da fili ku raba yadda addini ya tsara, ban sa baki ba. Ku uku ne: kai Injiniya, ke Malama, da Auta. Na rubuta uku da gangan, don na lura lissafinku ya daɗe da tsayawa a biyu.

Ranar Talata, kana tuƙa ni asibiti, Injiniya, cunkoso ya tsayar da mu gaban wani mai faci. Na ɗaga kai, sai ga Auta a durƙushe yana duba tayar mota cikin ruwa. Auta da kuka ce mini ya tafi aiki ƙasar waje shekara huɗu, wai waya ba ta shiga inda yake. Muka haɗa ido ta gilashi, ya rufe fuskarsa da hannun riga ya juya baya.

Da na matsa muku, kuka faɗa mini an kore shi daga kamfani saboda takardar shaidar bogi. Wannan ya girgiza ni, amma bai kai sauran ba. Kun hana shi gidan, kun ce masa ni na ce kada ya ƙara taka ƙofata. Kuma kun faɗa mini haka ba ko kunya, kuna jiran in sa muku albarka, wai tarbiyyata kuka bi.

Na biyu. Kayan aikina, cokalin gini, guduma da igiyar awo, na ba Auta kyauta tun yau, ba sa cikin gado. Injiniya, kada ka ɓata rai, kai da ko ƙusa ka buga sai ta lanƙwashe.

Na kwana uku ina neman inda na koya muku wannan rashin imani, kuma na gano shi. Kuna ƙanana nakan kai ku wurin aiki ranar da babu makaranta. Idan na ɗora igiya a katanga na ga ta karkace, ba na tsayawa jin uzuri, nakan sa guduma in zubar da ita a gabanku, in ce abin da ya karkace ba a lallaɓa shi. Ina jin daɗin yadda kuke zare ido. Ina ganin gaskiya nake dasa muku.

Amma da azahar nakan tura ku gida ku ci abinci, don haka ba ku taɓa ganin aikin yamma ba. Da yamma nakan tsuguna in tsince bulon nan ɗaya bayan ɗaya, in kankare busasshen siminti, in jiƙa su, in sake ɗora su bisa igiya. Ban taɓa zubar da bulo mai sauran ƙarfi ba. Ɗakin da marigayiya mahaifiyarku ta haife ku a ciki, da irin wannan bulon na gina shi. Rabin aikin na nuna muku, rabin da ke da ƙara da ƙura, saboda shi ne yake sa uba ya yi kwarjini. Laifina ne.

Na uku. Ku san wani abu da girman kai ya hana ni faɗa. Ina ɗan shekara ashirin da biyar na yi wa maigidana ƙarya cewa na sa rodi a saman wata ƙofa, alhali ban sa ba. Wurin ya tsage cikin sati. Ya zage ni tas, washegari kuma ya miƙa mini cokali ya ce in gyara. Da ya yi mini abin da kuka yi wa ƙanenku, da ba ku da uban da za ku yi tinƙaho da gaskiyarsa.

Na huɗu. Ban ce Auta bai yi laifi ba. Ya yi, kuma da kun kawo shi gabana da ya ji a jikinsa. Ku riƙe gaskiya, kada ku sake ta. Amma Malama, ke da kike gyara wa 'ya'yan mutane rubutu da jan biro, ban taɓa jin kin yaga littafin ɗalibi ba.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi. Gobe ku je wurin mai facin nan, ku biyun, da ƙafarku. Kada ku aika kowa. Ku tsaya a gaban Auta ku ce ƙarya kuka yi mini, ƙarya kuka yi masa, sannan ku kawo mini shi ko da baƙin mai a hannunsa. Likita bai ba ni tabbacin ƙarshen wata ba.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya shirya muku zuri'a, ya yafe mana baki ɗaya. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada a ƙara rufe wa ɗayanku ƙofa da sunana. Idan kuma kun makara, ku ba Auta takardar nan ya karanta da idonsa: ɗana, ban taɓa cewa kada ka zo ba. Shekara huɗu ina cigiyarka.