Irin Waken Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya.

Ina digiri na biyu ne a fannin cututtukan shuka, bincikena a kan bairos ɗin da ke kama wake. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, tun da 'yan bindiga suka tashe mu muke zaune a Kaura Namoda. Ranar da muka gudu Babanmu bai ɗauki komai ba sai tulun irin wakensa da ya gada wurin kakanmu. Bara Allah Ya yi masa rasuwa. Waken nan ya yi suna, ko a shekarar da ganyen waken maƙwabta ya yi rawaya ya nannaɗe, namu kore shar. Mutane na cewa albarkar Baba ce, shi kuma duk gabanin damina yana ba mai so tafi guda kyauta.

Ni da rawar kaina na ɗebi irin na kai ɗakin gwaji, wai zan nuna wa duniya wakenmu ba ya kamuwa. Sau uku ina maimaita gwajin. Cutar tana cikin ƙwayar irin, shi dai ya saba da ita ne, ba ta nunawa a jikinsa. In ya tsiro sai darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, su kwashe ta su kai wa waken da ba ya jure ta. Malamina har murna yake yi, wai sakamako ya yi kyau. Ni ban yi kuka ba, ban ji komai ba, na wanke hannu na je na ci abinci. Har yau haka nake.

Yanzu Inna za ta raba irin sadaka ga Baba ranar Juma'a, ga 'yan garinmu da suka samu aron gonaki a bayan gari, ana shuka kusa da kusa da na masu gonakin. Na yi mata bayani, ta ce boko ne ya sa nake laƙa wa mamaci laifi. Ta ce, "Wanga iri shi kaɗai ubanki ya hito da shi. Ke mi kinka hito da shi?" Yayana ya ce in rufe bakina.

In na yi shiru, mutanen da ba su da komai sai daminar nan za su iya ɓata amfanin waɗanda suka ara musu ƙasa, a kore su. In na faɗa, kowa zai zauna ya tuna shekarun da wakensa ya mutu, da gonar wa ke gefensa. Akwai tsohon maƙwabcinmu da nasa ya lalace damina biyu a jere, har yau in ya gan ni sai ya tsaya ya yi wa Baba addu'a.

Ku gaya mini, in yi magana ko in bari? Juma'a jibi ce, irin yana cikin faranti ƙulli-ƙulli, kuma ni Inna ta sa na ƙulla shi.