Ta Sa Jan Ɗigo, An Ce In Rubuta Mata Takardar Gargaɗi

Anti, don Allah a taimake ni da shawara kafin Litinin. Amma bari in fara da yabon kamfaninmu, kada wani ya karanta ya ce ni butulu ne. Ban taɓa ganin wurin aiki mai ƙoshin lafiya irinsa ba. Shekarata huɗu a nan, ba mu taɓa samun matsala ba, ko ɗaya. Mai shakka ya zo ɗakin taro ranar Litinin, lokacin da ake haska jerin ayyukanmu a bango, kowanne da ɗigon launi a gabansa. Kore, komai lafiya. Rawaya, akwai ɗan tari. Ja, gobara. Bangon nan kullum shar yake kamar gona a tsakiyar damina.

Manhajar kwamfuta muke sayarwa. Ni ne shugaban sashen da ke zuwa wurin kwastoma ya girka masa ita, ya koya wa ma'aikatansa. Mutum tara ne a ƙarƙashina. 'Yan talla su ne ke cin abincin rana da kwastoma, su yi musabaha, a ɗauki hoto. Mu kuma mu biyo baya da jakar kwamfuta mu cika alkawarin da aka yi ba ma wurin.

Shugaba kullum cewa yake ƙofarsa a buɗe take, duk wanda ya sa ja za a taimake shi. Kuma ana taimakon. Taro ne da takwas na safe, wani da huɗu na yamma, da mutum shida waɗanda ba su taɓa kunna manhajar ba, kowa na tambayarka me kake bukata, kai kuma ba ka bukatar komai sai su tashi ka yi aiki. Wani ya taɓa sa rawaya, sati uku ya yi yana bayanin rawayar. Daga nan kowa ya koyi launin da ake so.

To, ga abin da ya faru. Babban ɗan tallanmu, wanda muke kira Zuma, ya sayar wa wani mai kamfanin jigila manhajarmu. Mutumin na da manyan motoci sittin. Zuma ya ce masa zai riƙa ganin inda kowace mota take, ko a dajin da babu sabis, kuma in direba ya zuƙi mai daga tanki, wayarsa za ta yi ƙara. Na hau bene na tambayi masu rubuta manhajar. Batun ganin mota a daji, sun ce wataƙila baɗi. Batun mai kuwa, sai suka tambaye ni ko wani kamfanin nake nufi.

Alhamis ɗin sati mai zuwa za a ƙaddamar. Mai motocin har ya ce wa ma'aikata huɗu da ke bin direbobi ta waya su fara neman wani aikin.

Wadda ke riƙe da aikin wata baiwar Allah ce da muke kira Injiniya. Sati biyar tana garejin mutanen, cikin baƙin mai da hayaƙi, kwamfuta a kan tayar mota. Litinin ɗin da ta wuce, ana haska bango, sai ga ja. Ita ta sa da hannunta, ana dab da fara taro. Ta miƙe ta faɗi abin da ke aiki da wanda babu shi, ta zauna. Shugaba ya yaba da jarumtarta, har ya sa aka tafa mata.

Ana tashi ya kira ni ofis, ya rufe ƙofar nan da kullum a buɗe take. Ya ce yarinyar ba ta da haɗin kai, tana kashe wa mutane gwiwa. In rubuta mata takardar gargaɗi kafin Litinin, in mayar da ɗigon kore. A wurinmu duk wanda ya karɓi wannan takarda ba ya ƙara wata biyu. Ina fita kuma ya tuna mini, wai a cikin hira, cewa kujerar mataimakin darakta babu kowa a kai.

Anti, ga wanda ban faɗa wa kowa ba. Sati uku tana sa rawaya, ni nake bi in mayar da shi kore kafin taro. Ta sani, ba ta tona ni ba. A shagon takalman babana na girma, na iya ce wa mutum takalmin da ya matse shi zai saki in ya sha tafiya. Amma can aƙalla akwai takalmin.

Matata ta ce in sa hannu, ba ni na yi alkawarin ba, kuma yaranmu ba gaskiya suke ci ba. Yayana ya ce in ajiye aikin, shi da bai taɓa ajiye ko cokali ba in akwai saura a kwano. Ni dai na kasa haɗa ido da Injiniya, ko a wurin shan shayi na hango ta sai in yi kamar ana kirana a waya. Yaya zan yi?

Ƙaninki mai gyaran launi

*

Ƙanena, na karanta, na yi dariya, sannan na ji tausayinka kaɗan. Kaɗan fa.

Bari in fara da adalci. Shugabanka ba shaiɗan ba ne. Shi ma akwai bangon da ake haska masa a sama, kuma can ma kore ake so. Zuma an ɗauke shi ne ya sayar, ya kuwa sayar, har da abin da ba a ƙera ba. Matarka ma ba ta yi ƙarya ba, tsoron rasa aiki ba abin kunya ba ne. Sai dai duk cikinsu babu wanda zai tsaya a garejin nan ranar Alhamis. Kai ne za ka tsaya.

Kada ka rubuta takardar. Ba don kana waliyyi ba, na ga aikinka a kan rawaya. Don dai ciniki ne marar riba: za ka ba da mutum ɗaya tilo da ta san cikin aikin, a ba ka kujerar da aka nuna maka da baki. Na daɗe a kasuwa, na san kayan da ake nunawa daga nesa.

Kada kuma ka shiga wurin Shugaba da wa'azi, manya ba sa saye. Kai masa shafi ɗaya: ga abin da zai yi aiki ranar Alhamis, ga wanda sai baɗi, ga wanda babu shi. A ƙaddamar da mota goma a hanyoyin da ke da sabis. Haka shi ma ya samu abin da zai kai sama, hoton ma za a ɗauka. Jan ɗigon ya zauna, ka rubuta sunanka kusa da nata. Gargaɗin ma'aikaciya abu ne mai sauƙi, gargaɗin shugaban sashe gaba ɗaya sai an yi bayani.

Sannan ku je wurin mai motocin tun kafin ya sallami mutanen nan huɗu. Ka tafi da Zuma, shi zai fara magana, bakinsa ne ya ƙulla. Mutumin zai yi faɗa, ku sunkuyar da kai ku sha. Faɗan yau ya fi na ranar da mota ta ɓace da kaya, babu mai bin ta ta waya.

Ka nemi Injiniya ka ba ta haƙuri, ido da ido, ban da wayar ƙarya. In ƙurar ta lafa, ka nemi a kafa doka: kada ɗan talla ya ƙara yin alkawari sai sashenku ya gani. Takardun neman aikinka kuma ka kakkaɓe su a ɓoye, don ban ce maka dole Shugaba ya ji daɗi ba. Mai yiwuwa kujerar nan ta wuce ka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa ku rabu da mai motocin lafiya. In kuma ka ga sa hannun ya fi maka sauƙi, ba zan hana ka ba. Amma ranar Alhamis, in direbobi sittin suka jeru suna jira, wa zai kunna abin, kai ko Zuma?